Ranar Da Na Gyara Wa Alhaji Tarakta

Shekarun baya, tun ban yi aure ba, ina da ɗan shago a Onitsha kusa da Head Bridge, ina sayar da kayan gyaran okada. A lokacin nake neman wadda yau ita ce uwar 'ya'yana. An san da ni a gidansu, mahaifiyarta ma tana yi da ni, amma mahaifinta bai ce e ba, bai ce a'a ba. Duk wanda na tura, amsa ɗaya yake dawo mini da ita: "Alhaji ya ce yana dubawa."

Alhaji tsohon falken shanu ne, tun yana saurayi ya zo garin. Ba shi da yawan magana. A kara, wato kasuwar shanu, yana da wata tsohuwar tarakta ja wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, da ita yake ɗebo wa shanu ciyawa da ruwa. Fentinta ya koɗe, kujerarta buhu aka naɗa mata, amma da an murɗa makulli take tashi. Kuma shi kaɗai ke hawanta.

Wata safiya na je gaishe shi, na durƙusa, ya miƙo mini hannu, sai na ga tafinsa ɗaure da tsumma. Kunya ta hana ni tambaya. Da na fito na samu abokina mahauci, shi ya ce mini kan giyar taraktar ne ya fashe ya faɗi, wato ɗan dunƙulen nan da direba ke kamawa in zai canja giya. Saura tsiran ƙarfe, shi ke cin hannun tsohon kullum.

Wallahi na ji tausayinsa. Amma kada in yi muku ƙarya, har da wani lissafi a raina. Na ce yau Allah ya kawo mini hanyar da Alhaji zai gama dubawa.

Na hau okada zuwa kasuwar tsofaffin kayan mota, na yi ta yawo har na samu wani kan giya baƙi mai sheƙi, an zana lambobi da farin fenti a kansa, ga ɗaya, ga biyu, ga alamar ribas. Mai kayan ya tambaye ni wace irin tarakta ce. Na ce masa tsohuwa ce, ja. Ya ce ba launi ya tambaya ba. Na ce ya ba ni kawai, kan giya ai kan giya ne.

Da na so, da sassafe zan je in ɗaura abina ba wanda ya gani. Ina! Sai na jira bayan la'asar, lokacin da dattawan kara ke zaune a rumfa. Na gaishe su, na fito da abin daga aljihu na ce, "Baba, ga wani ɗan abu na samo, ko za a ba ni izini in gwada."

Ya juya shi a hannu, ya ce, "Bismilla."

Da na hau sai na tarar ramin ya fi ƙarfen faɗi, yana ta lilo. Na yanko robar tsohon tiyub na naɗe bakin ƙarfen, na shafa gam, na daidaita lambobin suna kallon kujera, na samu guntun katako na bubbuga har ya zauna daram. Na goge shi da gefen rigata. Alhaji ya taso ya kama, ya girgiza, bai motsa ba.

"Madalla. Allah ya yi albarka."

A nan ya kamata in ce amin in kama hanyar shago. Sai wani dattijo daga cikin rumfa ya ce, "Alhaji, ai wanda ya yi aiki shi ke fara gwadawa."

Alhaji ya dube ni. "Ka iya tuƙi?"

Na taɓa tuƙa a-kori-kurar kawuna a gida, saboda haka da ƙarfina na ce, "Na iya, Baba."

"To matsar da ita gaba, zuwa gindin famfo."

Mutane suka zuba ido, don ba su taɓa ganin wani a kan kujerar nan ba. Na tayar da inji. Na taka kuloci, na dubi farar lambar da na ɗaura da hannuna, na tura giya inda aka rubuta ɗaya. Na ɗago kai ina kallon famfo, na saki ƙafa.

Tarakta ta zabura baya.

A bayanmu, taku kaɗan, akwai rumfar wata Inyamura mai sayar da shinkafa da miya, kowa Madam yake ce mata. Ta daɗe a wurin, rabin mahautan kara a hannunta suke cin abincin rana. Na ji ihu. Na taka abin da nake zaton birki ne, ba ta tsaya ba. Na ji ƙarar katako ya karye, kwanon rufi ya rufto, tukunya ta kife. Alhaji ne, da tsufansa, ya biyo ta da gudu ya ja wayar kashe inji.

Allah ya tsare, Madam ta tashi ke nan ta koma gefe tana wanke kwanuka. Kujerar da take zama a kai kuwa tana ƙarƙashin taya, ta zama itacen wuta.

Ta ɗora hannu a ka tana kuka tana cewa, "Aboki wan kill me o!" Wato Bahaushe na so ya kashe ta. Kafin ka ce me, 'yan okada da 'yan kasuwa sun cika wurin. Wanda ya zauna a kudu ya san yadda ƙaramin abu ke juyewa ya zama maganar Hausawa da 'yan gari. Ga samari suna nuna ni suna cewa a sauko da ni. Ga mahautanmu sun taso daga wurin aiki, wasu ko wuƙaƙen ba su ajiye ba. Ni kuwa ina kan kujera, hannuna a kan sabon kan giya.

Alhaji ya juya ya daka wa mahauta tsawa su koma. Sannan ya shiga tsakanina da taron, ya ɗaga hannun nan mai tsumma ya yi magana da Inyamuranci. Ban taɓa sanin yana jin yaren haka ba, ni kuma ko kalma ban gane ba. Na dai ga hayaniya ta fara sauka. Da ya gama, sai ya tattare farar rigarsa, ya tsuguna a cikin miya da taɓo, ya fara tsince kwanukan Madam ɗaya bayan ɗaya.

Mutumin da fatake ke durƙusa wa. Mutumin da nake neman 'yarsa.

Madam da kanta ta daina kuka ta zo tana jan hannunsa tana cewa ya tashi. Ni a cikin wannan ruɗanin na zame daga kan tarakta, na bi ta bayan garke, na gudu.

A ɗaki na ƙarasa yinin na kwana, ban iya cin komai ba. Na yanke shawara zan tattara kayana in koma Enugu wurin yayana a unguwar Obiagu, maganar aure kuma ta mutu. Na kira mahaifiyata a waya na faɗa mata komai, ina jiran ta lallashe ni.

Ta ce, "An rasa rai?"

Na ce a'a.

"An ji ciwo?"

"A'a, Inna."

"To kai yanzu dattijo ka bari yana kwashe kwanuka ka taho? Ba karon ne abin kunyar ba, ɗan nan. Gari na wayewa ka koma."

Tafiyar da na yi daga bakin titi zuwa cikin kara a safiyar nan, ban taɓa yin mai nauyinta ba. Gani nake har shanu kallona suke. Na tarar Alhaji ya riga ya kawo kafinta, yana tallafe da sabon ginshiƙi. Na durƙusa na fara haɗa kalmomin da na kwana ina shiryawa. Bai bari na kai ko'ina ba.

"Ka tashi lafiya? Zo ka riƙe nan."

Na riƙe. Haka muka yini, ina miƙa ƙusa, ina ɗaukar kwanon rufi. Madam ta harare ni har ta gaji, da rana ta yi kuma ta turo mini shinkafa.

Da muka gama Alhaji ya kai ni gindin taraktar ya nuna mini. Kan giyar na wata irin tarakta ne daban. Inda aka rubuta ɗaya, a wurin tasa nan ne baya. Shi bai taɓa duba lamba ba, hannunsa ya san hanya. Na ce bari in cire in jefar. Ya ce a'a, yana da daɗin kamu, in dai kankare lambobin. Na zauna da guntun ƙarfe na kankare su tas.

A hanyar komawa ne na tambayi abokina mahauci, wanda aka haifa a garin, me Alhaji ya faɗa wa taron jiya. Ya ce, "Cewa ya yi tarakta tasa ce, shi ya ɗora ka a kai, kuma kai ɗansa ne, mijin 'yarsa. Duk mai magana ya yi da shi."

Na tsaya cak a gefen titi. Amsar da na yi watanni ina jira ashe an bayar da ita, a gaban jama'a, a yaren da ba na ji, ina zaune kamar gunki a kan ɓarnar da na yi. Kuma ko minti biyar ba a yi ba na gudu na bar shi.

Yanzu in ana hira aka tuno karon, da ni ake dariya. Amma tsugunon da ya yi a cikin taɓon nan, har yau in ya faɗo mini a rai sai kunya ta kama ni. Na je ne in nuna masa ni wane ne, kuma ya gani sarai, bai fasa ba. Bai taɓa tayar mini da maganar ba ko da wasa.

Madam ce dai ba ta yafe duka ba. Har gobe in ta hango ni sai ta ɗaga murya ta ce, "Direba!" 'Ya'yana sun taso suna ji. Ran nan babbar ta tambaye ni, "Baba, da can kai direba ne?" Na ce ta je ta tambayi kakanta. Ta kuwa je.

Ya ce mata, "E, ya taɓa yi. Bai daɗe ba."