Ruwan Rijiyarmu a Kofin Baƙi

Layinmu a Moduganari ya taɓa zama layin da ya fi kowanne farin ciki a Maiduguri. Masu ilimi ne suka auna suka ce haka, kuma albarkacin wannan daraja muka rasa rijiyar burtsatse.

Rijiya ɗaya muke da ita a ƙarshen layi, tsohuwa, wadda ta shayar da mu lafiya har shekarar da damina ta cika kwata, kwatar ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta kai wa rijiyar ziyara, ta kuma ƙi komawa gida. Tun daga nan ruwan ya koma kalar shayin da aka yi wa rowar ganye. Masu moya, wato masu tura kurar ruwa, sukan shigo, amma ba kowane gida ke iya saye kullum ba. Mahaifiyata, wadda duk layin ke kira Iya, ita ruwan ya fi yi wa illa. Cikinta ya ƙi zama, ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Likita ya ce a canja mata ruwa, da murya irin ta mai cewa a canja tashar rediyo. Nakan sayo mata na leda idan fansho ya ga damar zuwa, amma da na juya baya sai ta rabar wa jikokin maƙwabta, ta ce ita ba za ta sha fari tana kallon yara suna shan ja ba. Na gane cewa Iya ba za ta warke ba sai ruwan layin gaba ɗaya ya warke.

Ana cikin haka wata ƙungiyar agaji ta zo da sabon tunani. Garin nan ya ga ƙungiyoyi har yaranmu na rarrabe su da kalar mota, amma wannan ta ce ta gaji da ƙirga buhuna da barguna. Za ta tambayi mutane yadda rayuwa ke yi musu a rai, inda aka fi ƙunci nan za a fara aiki. Na yi shekaru ina koyar da tarihi, na san masu mulki birjik da suka ƙirga talakawa don haraji, wanda ya tambaye su ko suna jin daɗi kuwa ban ci karo da shi a littafi ba. Don haka tunanin ya burge ni, har yau ma yana burge ni. Burtsatse ɗaya ce a hannunsu, layi biyu kuma ke nema: namu, da wani a Jiddari Polo.

Jagorarsu a cikin gari tsohuwar abokiyar aikina ce. Tebur ɗaya muka yi amfani da shi a ɗakin malamai, ita tana koyar da lissafi, ina gyara mata wasiƙun neman ƙarin girma. Ta bar alli ta koma ƙungiya, ta yi ƙiba, ta je Makka, ta zama Hajiya. Gidanta kuwa yana kan wancan layi na Jiddari Polo. Haifaffiyar garin nan ce, ta san mu kamar yadda ta san jadawalin sau.

Abin da ta sani shi ne, macen Barno ba ta karɓar baƙo a yadda ya same ta. Ko da tukunya ba ta hau wuta ba tun jiya, kaskon turare zai hau. Tun ana saura kwanaki Hajiya ta kira Bulama, mai unguwarmu, ta ce manyan baƙi na tafe daga Abuja, don Allah kada mu ba ta kunya. Bulama ya bi gida gida ya isar da saƙon, har da ƙarin gishirinsa.

Ranar da suka zo, layinmu ya tashi kamar ana biki. An share ƙofar kowane gida an yayyafa ruwa. Laffayar da ke ƙasan akwati tun auren wance ta fito ta sha iska. Darduma mai kyau guda ɗaya ce a layin, ta matar tela, ranar kuwa ta yi yawon da ba ta taɓa yi ba: baƙi na fita daga wannan gida ana naɗe ta, a miƙa ta kan katanga, kafin su gama sallama a gida na gaba har an shimfiɗa. Kowane gida ya sayi ruwan leda mai sanyi ya jera a faranti. Ni ma na saya. Masu tambayar suka nuna mana hoton fuskoki a jere, daga mai kuka zuwa mai dariya, suka ce kowa ya taɓa wadda ta yi kama da rayuwarsa. Iya ta gyara zama a kan dardumar aro, cikinta na murɗawa, ta ce alhamdulillahi, ta ɗora yatsa a kan mai dariya. Haka layin ya yi daga farko har ƙarshe.

A layin su Hajiya kuwa, wata tsohuwar ɗalibata da ke aure a can ta ba ni labari. Babu wanda aka gaya wa. Da tsakar rana motar ta tsaya, ba wuta, mata na ɗaure da zanen aiki suna cacar baki da mai moya. Wanda aka tare a wannan hali aka nuna masa fuskoki, ai ba sai an yi masa bayani ba. Burtsatse ta tafi Jiddari Polo, aka haƙa ta inda Hajiya za ta iya hango ta daga tagar ɗakinta.

Na haɗu da ita bayan nan a Kasuwar Litinin, layin masu laffaya, tana taya wata mai ruwan zuma.

"A'a, Malama! Ina masu farin ciki?" in ji ta.

"Muna nan, Hajiya, muna ta fama da shi. Ke kika ce wa Bulama manyan baƙi ne."

"To ƙanana ne? Ni na ce ku yi aron darduma? Cewa na yi kada ku ba ni kunya, ba ku kuwa ba ni ba. Allah ya yi muku albarka."

"Naku layin fa, wa kika gaya wa?"

"Wallahi mantawa na yi. Tsufa, Malama." Ta yi dariya har haƙorin Makka ya leƙo. "Ya jikin Iya?"

Da ba ta yi wannan tambaya ta ƙarshe ba, wataƙila da na bar ta da Allah. Na ce da sauƙi, na wuce, ko barkonon da ya kawo ni kasuwar ban saya ba.

Tsarin ƙungiyar ne ya ba ni dama. Ashe bayan wasu watanni sukan dawo su sake awo, a inda suka yi aiki da inda ba su yi ba, don su kwatanta. Mu ne abin kwatancen. Bulama ya ce wannan karon shugabar ƙungiyar da kanta za ta zo, tana son ganin mutanen da ba su da komai amma suka fi kowa murna, kuma daga wannan awon za a zaɓi inda za a haƙa ta gaba. Idan muka sake cin jarrabawar, an gama da mu ke nan.

Na tara matan layin a tsakar gidanmu, na tsaya kamar ina gaban allo, na yi musu bayani dalla-dalla cewa wannan karon kowa ya taɓa fuskar mai kuka. Na sha koyar da aji mai taurin kai, amma ban taɓa faɗuwa irin ta ranar ba.

Wata dattijuwa da ta baro ƙauyensu da ƙafa a shekarun tashin hankali ta ce, "Malama, abin da muka gani a ƙasar nan, Allah ya fitar da ni da raina da 'ya'yana, sannan in nuna wa baƙuwa fuskar kuka saboda ruwa? Da wane ido zan yi salla?"

Matar tela ta ce, "Kuma a je Abuja a ce matan Moduganari mabarata ne."

Iya ta ce, "Boko ya yi miki yawa."

Na zauna. Ban ga laifinsu ba, don ni ma ranar farko yatsana bai je kusa da mai kuka ba, a tsakiya na ajiye shi kamar mai tsoron ɓata wa wani rai. Ina kallon randar da ke gindin bishiya sai abin ya zo mini. Na ce to, kowa ya yi turarensa, ya sa laffayarsa, dardumar ma ta yi yawonta, kowa ya taɓa fuskar da ya ga dama. Abu ɗaya nake roƙo: kada wanda ya sayi ruwan leda. A ba baƙi abin da muke sha.

Dattijuwar ta juya maganar a ranta, ta ce ba wa baƙo abin da kake sha ba wulaƙanci ba ne, kuma ba ƙorafi ba ne. Iya ta ce ta yarda, da sharaɗin kofin ya zama mai kyau. Na fito da kofunan gilas na aurena, waɗanda ke nuna komai.

Ranar da suka dawo, gidanmu suka fara shiga. Shugabar doguwar mace ce mai tabarau, ba ta jin Hausa, Hajiya ke yi mata tafinta. Tun daga zaure nake jin Hajiya na koya mata al'ada da Turanci, cewa a Barno baƙo ba ya ƙin ruwa, ƙin sha zagi ne ga masu gida. Na ji daɗin wannan darasi ƙwarai, ban taɓa jin ta koyar da abu da kyau haka ba. Suka zauna, aka gaisa, na kawo faranti na durƙusa na ajiye.

Shugabar ta ɗaga kofin ta duba shi ta wajen haske. Wani ɗan abu na iyo a ciki, a natse, kamar shi ma an gayyace shi. Ta tambayi Hajiya mene ne wannan.

Na ga lissafi na gudana a fuskar malamar lissafi. Idan ta ce ruwan ba ya shayuwa, to ina ta kai su wancan karon, me kuma ta gaya musu? Ta yi murmushi ta ce ai matan Barno sukan turara randa da hayaƙin turare, shi ke ba ruwa wannan kala, lafiyarsa ƙalau. Gaskiya ne muna turara randa, sai dai turare bai taɓa haifar da abu mai iyo ba. Shugabar ta ci gaba da kallonta. Hajiya ta kai kofin baki ta kurɓa.

"Shanye mana, Hajiya, akwai rana," na ce da Hausa. "Ga shi nan da yawa."

Ta shanye, idonta a kaina. Iya, da zuciya ɗaya, ta ce a ƙaro mata.

A gida na biyu Hajiya ta ce tana azumin nafila. Matar tela ta riƙe haɓa ta ce, "Azumi, Hajiya? Yanzu fa kika sha a gidan Malama. Ko namu ne bai kai ba?" Labarin ya riga dardumar tsallake katanga. Na fassara wa shugabar wannan magana kalma bayan kalma, don kada ta rasa komai na al'adunmu. Hajiya ta sha. Ta sha a gidan dattijuwa, ta sha a gidan mai wanki, inda nasu ya kwana biyu a jarka ya ƙara ƙarfi. Ina biye da su a matsayin tsohuwar malama mai taimakawa da Turanci, ban bar gida ɗaya ya manta da karamci ba. A kowane gida mata suka ce alhamdulillahi, suka taɓa fuskar mai dariya, babu wadda ta ambaci rijiya. Goshin Hajiya ya yi ta tsattsafo da gumi, hodarta ta yi layi-layi.

Shugabar ba ta sha ko ɗigo ba, kuma ba wawiya ba ce. Kafin mu kai tsakiyar layi ta juye ragowar ruwan gorarta a gindin wata bishiya, ta ɗura namu a ciki, ta ɗaure ta jefa a jaka. Sannan ta juyo gare ni, ba ga tafintarta ba, ta ce in nuna mata inda ake ɗebo shi. Na kai ta. Ta leƙa rijiyar, ta dubi kwatar. Hajiya ba ta raka mu ba, ta roƙi matar tela ta nuna mata bayan gida.

Da rani ya zagayo motar haƙa ta shigo layinmu, da kyar ta sami wurin juyawa. A takardarsu, in ji Bulama, har yanzu mu ne kan gaba a farin ciki, sai dai sun ƙara tambaya a kan ruwa, kuma sun daina sanar da zuwansu. Cikin Iya ya lafa a hankali, ta fara cin tuwo da rana, ta soma faɗa da kowa kamar da. Ta ce ruwan burtsatsen salam yake, ba shi da ɗanɗano, amma tana sha.

Hajiya ba a kore ta ba, irinsu ba a korarsu. Na ji dai ta yi kwanaki a kwance ba ta je ofis ba, kuma an daina tura ta unguwanni, an ba ta tebur a kusa da na'urar sanyaya ɗaki, wanda wasu ma ke cewa ƙarin girma ne. Da Iya ta ji labarin kwanciyarta sai ta ce in dafa kunu in kai mata dubiya, a yafi juna, duniya ba wurin zama ba ce. Na ce to. Na dafa kunun, ya yi kyau ƙwarai, na zauna a gindin bishiya na shanye abina. Iya ta yafe mata tuntuni. Ni ban kai shekarun Iya ba tukuna.