Ranar da Aka Buga Sunan Mzee Kibwana

Shekara ashirin da bakwai Mzee (wato Dattijo) Kibwana Mwakalinga ya yi yana ɓare dutse da salatif a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a a Darussalam. Dutsen girafait ne, baƙin nan na cikin fensir. Sai ya ɗaye fatar samansa, ya gasa shi kwana biyu cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska don datti ya fita, ya sanyaya shi fiye da ƙanƙara, sannan ya riƙa sako masa gas kaɗan-kaɗan yana kallon allurar awo. Ƙwayoyin gas ɗin kan kwanta a kan dutsen shimfiɗa ɗaya tak. Da farko yawo suke, can su taru kamar ruwa, daga baya su daskare layi-layi. Kibwana ya san lokacin daskarewarsu fiye da yadda matarsa, Bi Zuhura, ta san nunar ugalinta, tuwon masarar mutanen can.

Burinsa ɗaya ne, ya ga sunansa a takardar bincike kafin ya yi ritaya. Maigidansa Farfesa Lyimo, wanda ko bakin salatif bai iya nemowa ba, ya fitar da takardu arba'in da gumin Kibwana. A gindin kowacce sai a rubuta, "Muna godiya ga ma'aikata," kamar masu shara ake nufi. Abin yana ci masa rai ƙwarai.

"Kai da dutsen nan ban san wa ya fi wani haƙuri ba," in ji Bi Zuhura. "Shi dai ko ba komai ana ambatonsa."

Saura wata shida ritaya, Farfesa ya faɗo ɗakin yana haki. An gayyace shi taro a Turai, sakamako yake so jibi.

"Ranka ya daɗe, ba a gasa dutsen ba. Akwai sauran gam ɗin salatif a gefensa."

"Haba Mzee! Ni zan je taron ko dutsen? Sako gas kawai."

Kibwana ya sako. Allura ta yi wani tsalle da bai taɓa gani ba. Farfesa ya dafe ƙirji.

"Sabon yanayi! Ba ruwa ba, ba daskararre ba! Duk duniya ba wanda ya riga ni."

"Gam ne, ranka ya daɗe."

"Kai dai tsaya a ɓare-ɓarenka, ka bar wa masu ilimi fassara."

Aka je Turai, aka sha tafi, takarda ta fito a wata mujalla da sunan Farfesa shi kaɗai, ma'aikata kuma suka sha godiyarsu. Ba a jima ba masana uku a ƙasashe uku suka gasa nasu dutsen yadda ya kamata, suka nemi sabon yanayi sama ko ƙasa suka rasa. Dole Farfesa ya aika wa mujallar da wasiƙar janyewa.

Ranar walimar sallamar Kibwana daga aiki, bayan shayi da mandazi, wato irin fankensu, wani malami ya miƙa wa Kibwana mujallar yana kauda ido. A shafi na ƙarshe an rubuta cewa kuskuren ya samo asali ne daga sakacin ma'aikaci, Kibwana Mwakalinga. Ko harafi ɗaya na sunan ba su kuskure ba.

Bi Zuhura ba ta jin Turanci, amma ta gane sunan. Ta rangaɗa guɗa, ta ƙwace mujallar tana zagaya jama'a da ita. Kibwana ya buɗe baki zai yi mata bayani, ya ga yadda fuskarta ke walƙiya, sai ya mayar da bakin ya rufe.