Lambar da Ta Riƙe Wutar Dakta

Mutumin da duk cibiyar binciken ke kira Dakta shekara ashirin da biyu ya yi yana aikin wuta, amma ko gashin hannunsa bai taɓa babbakewa ba. Wutarsa a cikin kwamfuta take ci. Ofishinsa yana hawa na uku, can ƙarshen baranda, jikin ɗakin da manyan injinan lissafi ke gurnani ba hutu. Sanyin da ake sakar wa injinan har ofishinsa yake shiga, shi ya sa masanin wutar nan kullum a cikin rigar sanyi za ka same shi, yana jan majina.

Tun yana ƙarami haka Allah ya yi shi. Ɗan tela ne, na huɗu a gidansu. In mahaifiyarsa ta ce ya kunna mata murhu, sai ya tsaya da ashana a hannu yana yi mata bayanin abin da ya sa gindin wuta yake shuɗi, kanta kuma ja, har ƙanwarsa ta gaji ta fizge ashanar ta kunna. Lissafi kuwa ba a magana, malamansa ma kaffa-kaffa suke yi da shi. Haka ya yi ta haye makarantu har ya dawo da digiri uku da tabarau mai kauri, ya auri wata malamar asibiti mai haƙuri, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Ranar da risho ko murhun gas ɗin gidan ya yi gardama, matar ba ta ko duban inda yake, mai gyaran bakin titi take kira.

Aikin nasa ba wasa ba ne, kar a zalunce shi. Wutar da ke ci a bakin bututu, iska mai ƙarfi na bugun ta, ba a tsaye take ci ba. Iskar murɗewa take yi, ta karkasu ƙananan guguwoyi, kowace ta ja harshen wutar nata ɓangaren. Dakta sai ya yanka sararin da wutar take cikinsa gida-gida, gidaje miliyan ɗari uku, ya sa injinan su lissafa wa kowane gida zafinsa da gudun iskarsa da yawan gas ɗinsa, su sake, su kuma sakewa. Wani lokacin sai injinan su yi wata tara suna nishi kafin su ba shi wutar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Ranar da ta fito a allo, ja da ruwan lemo tana lanƙwasa, bakinsa har kunne, ya kira duk wanda ya gifta ya zo ya gani. Mai shara ma ba ta tsira ba.

Akwai wata ɗabi'a a cibiyar da ba wanda ya rubuta ta, amma kowa ya san ta. Mutanen lissafi suna sama, mutanen gwaji suna ƙasa, inda ake kunna wuta ta gaske a auna ta. Na sama ba sa sauka. Zanen murhun gwaji daga ofishin ajiya ake ɗauko musu, sakamakon awo kuma a jere cikin takarda yake hauro musu, lamba bayan lamba. Matakala arba'in da huɗu ce tsakani, amma in ka ji yadda na sama ke cewa “can ƙasa”, sai ka ɗauka wata ƙasar ce da sai an nemi biza.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce aka ba Dakta wani murhu ya kwaikwaya. Takardar da ta hauro daga ƙasa ta ce ko an ƙara gudun iska sosai, wutar tana nan daram a bakin bututu. Ya zuba zanen cikin kwamfuta, ya jira. Tasa wutar ta ɗaga, ta yi rawa, ta mutu. Ya ƙara yawan gidajen, ta mutu. Ya bi lissafinsa layi-layi har idonsa ya yi ja, bai ga kuskure ba, ta sake mutuwa. Shekara ɗaya da rabi yana wannan jana'iza, ya rame, wandonsa sai da ƙarin huda a bel. Duk tsawon lokacin nan ko sau ɗaya bai zo masa a rai ba cewa abin da yake kwaikwayo yana nan ƙarƙashin kujerarsa, hawa biyu kacal.

A ƙarshe ya yi abin da masu sana'ar kan yi in sun gaji, ba sa kuma son a faɗa. Ya soka wata 'yar lamba cikin lissafin, wadda za ta riƙa mayar da ɗan zafi gindin wutar. Ya gwada wannan, ya gwada waccan, har ya faɗa kan sifili da ɗigo uku bakwai. Wuta ta tsaya cak, daidai da ta takarda. Da ta tsaya sai ya nemo mata dalili: wai wasu ƙananan guguwoyi ne da ido ba ya gani suke komo da zafi baya. Ya rubuta shafi talatin, aka buga. Aka fara cewa “lambar Dakta”. Ɗalibai suka haddace ta don jarrabawa, aka gayyace shi taruka, ya sayi jakar fata. Daga lokacin tafiyarsa ma ta canza, gaisuwa kuwa sai dai ya ɗaga yatsu biyu.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, kujerar farfesa. Sau biyu yana nema ana cewa ya ƙara haƙuri, ga furfura ta cika kai, shekarun aiki sun kusa ƙarewa. Wannan karon ne na ƙarshe, shi ma ya sani. Kwamitin tantancewa zai zo nan da mako uku, kuma duk tulin takardun da ya miƙa, in ka tona, a kan lambar nan suke zaune.

Shugaban cibiya, wanda kowa ke ce wa Oga, shi ya kawo shawarar a buga ɗan littafi mai hotuna saboda baƙin. Mai hoto ya zo ofishin Dakta, ya dubi mutum cikin rigar sanyi a gaban allo, ya ce wannan ai ba zai sayu ba, sai dai a ɗauke shi kusa da wuta ta gaske. Haka aka aro wa Dakta farar riga, ya sauka yana dafa bango, yana tambayar mai hoto ko nan ne hanya.

Ɗakin gwajin yana da zafi da warin gas. Mai kula da shi wani dattijo ne siriri, gira a ƙone, wanda ake kira Mai Ashana. Shekara talatin yana wurin, kuma duk lambar da ta taɓa haurawa sama daga hannunsa ta fito.

“Sannu da zuwa, yallaɓai,” in ji dattijon. “Yau kuwa manyan baƙi gare mu.”

“Yawwa, Baba. Wannan ne murhun?”

“Shi ne naka, yallaɓai. Shekara goma sha huɗu ina kunna maka shi.”

Ya buɗe gas, ya kunna, ya murɗa iska har ƙarshe. Wuta ta tashi da ruri. Dakta ya ja baya taku biyu, don bai taɓa sanin tana da ƙara ba. Mai hoto ya gyara masa tsayuwa, ya leƙa ta kyamara, ya yamutsa fuska.

“Baba, ɗan cire wannan ƙazamar wayar ta bakin bututun, tana ɓata mini hoto.”

“In na cire mutuwa za ta yi.”

Dakta ya gyara tabarau. A leɓen bututun akwai wani guntun wayar ƙarfe, baƙi ƙirin, an murɗa shi sau biyu, bai fi tsawon ɗan yatsa ba.

“Mene ne wannan, Baba?”

“Waya ce, yallaɓai. Jikin maratayin riga na yanko ta.”

“Ba ta cikin zane.”

“Ai masu zanen ba su ne ke kunnawa ba. Tun ranar farko da aka kawo shi, da na ƙara iska sai ta mutu. Ana ta aiko mini daga sama a kawo awo, a kawo awo. Wutar da ta mutu me zan auna a jikinta? Sai na sa mata wannan. Iskar tana ɗan juyawa a bayan wayar, wutar ta samu wurin fakewa.”

“Cire ta in gani,” in ji Dakta.

Dattijon ya sa filaya ya zare ta. Wutar ta ɗaga daga bakin bututu, ta yi rawa, ta mutu. Dakta ya san wannan rawar kamar yadda ya san fuskar 'ya'yansa, shekara ɗaya da rabi ya yi yana kallon ta a allo. Abin haushi, farin ciki ne ya fara kama shi, don ashe lissafinsa na fari daidai yake, ba kuskure ko ɗaya. Bai gama jin daɗin ba jikinsa ya yi sanyi. Ƙananan guguwoyin da ido ba ya gani, shafi talatin, taruka, jakar fata, duk ga su nan a bakin filaya.

“Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?”

“Wa ya tambaye ni, yallaɓai? Takardar awo ba ta da gurbin rubuta waya.”

Dakta ya karɓi wayar ya naɗe a hankici, ya haura. Tsakani da Allah, niyyarsa a matakala mai kyau ce. Ya shiga ofishin Oga ya ajiye ta a kan tebur, ya faɗi komai, ya ce zai janye takardunsa ya rubuta wa duniya cewa lambar ƙarya ce. Har ƙwalla ya yi.

Oga ya juya wayar da bakin biro.

“Dakta, kai fa matsalarka ba ka san arziki ba in ka gan shi. Wa ya ce ƙarya ce? Mataki ne na farko. Yanzu bincike ya zurfafa, ka gano ainihin abin da ke riƙe wutar. Auna wannan abin, ka sa shi cikin kwamfutarka, ka cire lambar a hankali ba tare da surutu ba. Kwamiti ni zan ce su dakata zuwa baɗi, babban abu na tafe.”

“Ranka ya daɗe, ai ba ni na gano ba. Dattijon nan ne.”

“Shi sa waya ya yi. Ganowa sai mai digiri.”

Dakta ya ɗauki wayar ya mayar cikin hankici. Ya san maganar banza ce, ya kuma ji daɗinta har cikin ransa. Da ya koma gida ya ba matarsa labari, ya ɗan gyara shi ta yadda zai ciwu. Ta saurara tana ninke kaya, ta ce, “Baban yara, sunan tsohon dai zai fito, ko?” Ya ce ana dubawa.

Wata goma sha ɗaya injina suka yi suna lissafin guntun maratayin riga. Wuta ta tsaya ba tare da lamba ba, tsaf, har da ɗan juyin iskar da dattijon ya faɗa a tsaye da filaya a hannu. Aka ba wayar suna mai kalma biyar. Takarda ta fito da sunayen mutum bakwai, Dakta a gaba, Oga a ƙarshe, a tsakiya har da wani wanda yake hutun shekara lokacin da aka yi aikin. Dakta ya rubuta sunan Mai Ashana a kwafin farko, wannan gaskiya ne. Oga ya ja masa layi, Dakta kuma ya ga layin ya kau da kai. Can ƙasan shafin ƙarshe aka gode wa “ma'aikatan ɗakin gwaji”. Kwamiti ya zo, ya sha shayi, ya yaba da yadda mutum ya zarce bincikensa da kansa. Dakta ya zama Farfesa.

Da abin ya karɓu, sai cibiya ta fitar da doka: ba mai ɗaura wa murhu wayar nan, wadda yanzu ake ce wa na'ura, sai wanda ya halarci horo na kwana biyu a kan dabarar Farfesa, ya samu shaida. Farfesa da kansa ya koyar, da hotuna a allo. Ranar farko ya shiga aji ya tarar da dattijon a layin gaba, ya sa riga mai guga, da sabon littafi da biro. Kwana biyu Farfesa yana magana yana kallon bangon baya. Dattijon bai yi tambaya ko ɗaya ba, rubutu kawai yake yi a hankali.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa ofis. Mai Ashana ne, yana haki saboda matakala, da takarda a hannu. Farfesa ya ajiye abin da yake yi. Ya miƙe tsaye, ya jawo masa kujera, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, yana jiran maganar da ya san ya cancanta. Da ma a zage shi, da ya fi masa sauƙi.

“Ba zama zan yi ba, yallaɓai. Shaidar horon ce, sun ce sai ka sa hannu.”

Farfesa ya karɓa. An rubuta cewa mai wannan takarda ya koyi ɗaura na'urar daga wurinsa, kuma ya nuna fahimta gwargwado. Kunya ta rufe shi har ya ji kunnuwansa na zafi cikin sanyin ɗakin.

“Baba,” ya fara cewa, dattijon ya tari numfashinsa.

“Sa mini kawai, yallaɓai. In ban kai musu yau ba, sun ce ba zan ƙara taɓa murhun ba, ga ɗalibanka na jiran awo.”

Farfesa ya zare biro daga aljihu ya sa hannu, ya buga hatimi. Dattijon ya hura tawadar don ta bushe, ya yi godiya har da ɗan rusunawa, ya ja ƙofar a hankali ya sauka.