Buzun da aka sallama

A shekarun farko na mulkin kai ina sabuwar anfirme, wato ma'aikaciyar jinya, a gidan likita na Tawa. Kowace Litinin mukan taru a ofishin lokotoro, wato babban likita, wani Nasara da ba ya jin Hausa, balle Buzanci. Abin da majo, babbanmu, ya faɗa masa da Faransanci shi ne gaskiya. A nan ake yanke wanda zai zauna a gado da wanda za a sallama.

An kawo wani Buzu daga arewacin Adar da tarin fuka, ya rame sai ƙashi da fata. Ciwon yana son allura wata da watanni, in aka katse sai abin da Allah ya yi. Surukinsa ne ya kawo shi, wani tsoho da ya shimfiɗa tabarma gefen gadon, ba ya matsawa ko nan da can. Allura dai mara lafiyan ba ya musu, amma abinci yadda aka ajiye haka ake ɗaukewa, rawani na rufe da bakinsa.

Da aka zo kansa a taro, majo ya ce, "Mutanen ga mun san su. Ba su son cimarmu, kwana biyu su tsere da bargo. Ga mutanen kirki na jiran gado." Mutanen kirkin kuwa ƙanen wani akawu ne.

Na ce, "Baba majo, ba ƙi ya yi ba, kunya ta. Wa cikinku ka cin tuwo gaban surukinai? A kafa mishi zana, ko a hidda tsohon waje lokacin abinci."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce ko a kawo masa raƙumi cikin ɗaki. Lokotoro ya tambayi me na ce, majo ya amsa masa wai yarinya ce mai saurin tausayi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Majon nan fa, in ya hango surukarsa a kasuwa hanya yake sakewa. Kunyarsa tarbiyya ce, ta Buzu taurin kai. Kafin shayin lokotoro ya huce an wuce zuwa maganar sabulu.

Washegari aka sallami mara lafiyan. Tsohon ya tafi ɗauko jakinsu, ya bar shi zaune jikin katangar ƙofa shi kaɗai. Na kai masa kunu na koma gefe. Ya duba dama da hagu, ya juya ya fuskanci katanga, ya sauke rawanin. Ya shanye tas, ya miƙo ƙwaryar ta baya ba tare da ya waiwayo ba. Na ƙaro masa. Bai kai rabi ba tsohon ya ɓullo da jaki, sai ya ajiye ƙwaryar ya ja rawaninsa.

Suka kama hanyar arewa, yana tari. Ban ƙara jin labarinsa ba.