Allunan da Suka Kalli Gabas

Sati biyu da rasuwar mijin Hadjara, tana rungume da tukunyar gas daga kasuwa, wani dogon mutum ya karɓi tukunyar ya ɗora a kafaɗa, ya kai mata har ƙofar ɗaki. Ko ruwa bai tsaya sha ba. Soumana ke nan, mutumin Tahoua, lebura. Shekara shida ya yi a wata gona a Wadi Bawanis yana goge allunan sola masu tayar da famfon ban-ruwa, har ya san halinsu kamar yadda makiyayi ya san awakinsa.

Gidan da suke haya a Sabha ta ƙasar Libiya ɗaki goma sha huɗu ne, duk 'yan Nijar. In zafi ya tsananta, wuta sai ta tafi tun hantsi. Hadjara kuwa allurar ciwon sukari take yi, maganin da ba ya jure zafi. Sai mutanen gida suka haɗa hannu suka sayi alluna biyu da batir, don firigo ɗaya na kowa. Aka kafa kwamiti, aka ba Elhadji Bachirou shugabanci, tunda ya taɓa sayar da tocila a Maradi, wane ne zai fi shi sanin lantarki?

Ranar kafawa Soumana ya ce allunan kudu za su kalla, don rana ta wuni a kansu. Elhadji ya tambaye shi ko ya taɓa ganin abin albarka ya kauce wa alƙibla. Masallaci gabas, yanka gabas, sai kayan jama'a ne za a karkatar? Kwamiti ya yi kabbara. Aka ce lebura ya riƙe tsani.

Allunan suka zama salihai. Da safe su yi aiki, azahar na yi su tashi. Kafin la'asar firigo ya zama akwatin ajiya mai ɗumi. Kwalba biyu na maganin Hadjara suka lalace, ta kwana uku tana ganin jiri a kan sallaya. Kwamiti ya zauna sau huɗu, ya sha shayi, ya gano cewa ranar Libiya ce ba ta da ƙarfi. A Sabha fa, inda takalmin roba ke narkewa a titi.

Ranar da kwamiti ya tafi ɗaurin aure Tamanhint, Soumana ya hau rufi da sifana, ya juya allunan kudu. Hadjara na zaune ƙasa da carbi, ta sa ido a kan carbinta. Tun daga ranar firigo bai sake ɗumi ba. Elhadji, wanda bai taɓa ɗaga kai sama ba saboda rawani, ya ce ai ya faɗa, albarkar alƙibla a hankali take kamawa. Har ya shiga gaya wa baƙi masu wucewa arewa cewa mai neman gabas ya dubi sola.

Da Soumana ya samu aikin gini zai bar gidan, ya durƙusa a ƙofar Hadjara, ya rage murya.

"Inna, in Elhadji ya gane, zai mayar da su, maganinki ya tafi. Amma kuma ba na son alhakin sallar mutane. Don Allah duk baƙon da kika ga ya bi allo zai tayar da kabbara, ki juya shi hagu. Ki dai bari sai Elhadji ya shiga ɗaki."