Akwatin Fim na Baba Mai Hoto

Baba Mai Hoto bai taɓa danna kyamara ba sai ya tambayi sunan wanda ke gabansa. Shekara talatin yana haka a ɗan shagonsa na bakin tasha. Da rikici ya lafa, abin da ya tsira masa kyamara biyu ne da akwatin ƙarfe cike da tsohon fim. Ruwan kashe gobara ya wanke sunayen da ya rubuta a jikin kowace ambulan.

Ya kai kyamarorin gidan marayu. Yara tara suka riƙa karɓa-karɓa, suna zaga unguwa. Hotunan farko da ya wanke musu duk ƙonannen bango ne.

"Ɗakin wa ne wannan?" ya tambayi babbarsu, wadda ake kira Wushirya saboda tsagar haƙoranta.

"Ban sani ba, Baba."

"To bulo kika ɗauka. Koma ki tambaya."

Daga nan suka koyi sallama kafin ɗauka. Tela ya tsaya musu inda kekensa yake a da, mai gyaran rediyo ya riƙe ƙofar da ta rage masa. A bayan kowane hoto, suna.

Shi kuwa Baba kullum da safe yana bakin taga, yana ɗaga fim ɗaya-ɗaya a haske. Ya dubi fim, ya dubi yaran. Ta haka ya gano iyayen shida daga cikinsu, wani ta goshi, wani ta yadda yake karkata kai. Wushirya ba ta cikin shidan. Tana 'yar shekara biyar rikicin ya ci mahaifiyarta, fuskar kuma ta fara ɓace mata.

"Baba, yau ma babu?"

"Ke jikata, gaggawa gare ki. Na tuna wata mata mai irin bakinki, dariya ta sa ta ɓata mini fim uku. Tana ciki."

"Kullum haka kake cewa. Idon ne dai ya tsufa."

"To zo ki ara mini naki."

Ya nuna mata yadda fim ke juya abu: haƙora su fito baƙi, tsagar tsakaninsu ta yi haske.

Duk inda ya tsaya da dubawa a cikin akwatin, yakan soka guntun kwali. Kwana uku bayan rasuwarsa, Wushirya ta buɗe akwatin. Kwalin bai kai ko rabi ba. Ta ja kujerarsa zuwa bakin taga, ta zaro fim na gaba.