Kwalbar da Inna Delu Ta Ƙulle a Haɓar Zani

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo mana Iliya mahauci ba. Ku sababbin ma'aikata nake so ku buɗe kunne, tunda ku ne gwanayen barin kwalbar allura a bakin gado.

A lokacin ina aikin jinya a wani asibiti a Dapaong, sashen masu haɗari. Ni kaɗai ce 'yar Zongo, wato unguwar Hausawa, a wurin, don haka duk mai jin Hausa ni ake kira in yi tafinta. Da damina ne, da hantsi, motar shanu ta kife a hanyar Naki-Est. Iliya ya fita da karaya a cinya, abokin cinikinsa Sani kuwa a kan cinyar Iliya ya cika. Ina ganin fuskar Iliya na gane shi. Ɗan Inna Delu ne, maƙwabciyarmu a Komah, can Sokodé, matar da ta goya ni ina ƙarama.

Kafin magariba Inna ta iso. Jinin Iliya ya ƙi hawa duk da ƙarin ruwa da na jini, sai likita ta ce a yi masa allurar kortizon. Ga wanda bai sani ba, maganin ɗan'uwan wani sinadari ne da jiki ke fitarwa idan mutum ya shiga tashin hankali. Inna kuwa ba a yi wa ɗanta komai ba ta tambaya ba.

"Rakiya, wannan ta mece ce?"

Likita ta ce ta tayar da jini ce. Ta ƙara da cewa masu bincike sun lura wasu da aka yi wa ita da wuri, firgitar da ke bin mutum bayan haɗari takan zo musu da sauƙi, amma ba a tabbatar ba tukuna. Na mayar da Hausa tiryan-tiryan. Ashe Inna ta riƙe "maganin firgita", ta bar mana "ba a tabbatar ba". Yadda aka yi ta ɗauke kwalbar da babu komai a ciki ta ƙulle a haɓar zani, Allah kaɗai ya sani.

Ƙashi ya fara haɗuwa, aka sallame su. Bayan 'yan watanni na sami konje, wato hutun aiki, na je gida. Ko jaka ban ajiye ba Inna ta jawo hannuna, bakinta har kunne.

"Zo ki ga aikin maganinku! Yaro ya yi kumatu, masha Allah."

Innalillahi! Fuskar Iliya ta zama kamar faranti, ƙafafu sun kumbura, ga buta a gefe yana ta ɗaɗɗakar ruwa. Da ya fara zabura cikin barci yana kiran Sani, Inna ta kai kwalbar nan wurin mai tallan magani a kasuwa, kamar yadda iyayenmu suka saba, ta ce a ba ta irinsa. Shi kuma ya zubo mata ƙwayoyin da 'yan mata ke sha don ƙiba, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Kullum tana jefa masa a koko.

Raina ya ɓaci, amma wa zan yi wa faɗa? Matar da ta sayar da akuyarta don ɗanta ya sami barci? Na dai gaya mata ƙwayoyin nan ne suka kumbura shi, ba ƙibar lafiya ba ce.

"To a zubar da su yanzu!" in ji ta, ta kai hannu za ta ɗauki ƙwayoyin.

Na riƙe hannunta. "A'a, Inna. Wanda ya daɗe yana shan wannan, in aka yanke masa lokaci guda yana iya rasa ransa. A hankali likita zai riƙa ragewa."

Washegari na kai shi wurin wani likita a Sokodé. Muna zaune a benci na ce, "Yaya Iliya, yaushe rabonka da mayanka?"

Ya ce, "Rakiya, ba na iya ganin jini. Ni, jikan mahauta. Kowa ƙafata yake tambaya. In na ambaci Sani sai a ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na sani ƙaddara ce, amma har yanzu nauyin kansa yana nan a cinyata."

Wallahi sai da na juya na share ido. Likitan ya tsara yadda za a rage ƙwayar, ya haɗa shi da ma'aikacin da ke zama da masu irin wannan damuwa suna magana. Limamin unguwa kuma, da na yi masa bayani, shi ya raka shi gaisuwa gidan su Sani, inda ya kasa zuwa tun dawowarsa. Abin bai tafi da sauri ba. Ya fara da zama nesa da teburin nama, daga baya ya koma naɗe wa masu saye a takarda.

Da Babbar Salla na dawo gida. Ina shiga tsakar gidansu na tarar da Iliya tsugune a kan rago, wuƙa a hannu, yana fiɗa yana tsokanar matarsa. Kumatun nan duk sun zube. Inna na zaune a tabarma, ta harare ni.

"Ke dai Allah ya shirye ki. Kin ramar min da ɗa."

"Yana barci, Inna?"

Ta kau da kai, murmushi na neman ƙwace mata. "Har da minshari. Ya hana mutane sakat."

Abin da na koya ke nan. A aikinmu ba majinyaci kaɗai muke jinya ba, akwai uwa a bayan gado tana sauraro, kuma kalmar da ta ba ta fata ita za ta tafi da ita gida. Ku yi mata bayani har sai ta maimaita muku da bakinta, ku kwashe kwalabenku, sannan in kun tambayi mutum ƙafarsa ku tambaye shi barcinsa. Hantar ragon nan ni Iliya ya fara miƙo wa, hannunsa jina-jina, kuma ko kaɗan bai yi rawa ba.